Yadda Auta Ta Ɓuya a Shafinta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Mai girma shugaban wannan taro, wanda tun da na miƙe na ga ya duba agogo. Mai girma shugabar wannan cibiya ta koyar da zane, da mataimakanta. Malamai maza da mata, waɗanda suka yi wata tara suna fama da 'ya'yan mutane. Manyan baƙi da ke kujerun gaba, masu kamfanoni da masu gidajen ɗab'i da aka gayyato domin su ga abin da yaran nan suka iya. 'Yan'uwana iyaye da ke kujerun baya, inda iskar fanka ba ta kaiwa. Ɗalibai da ake yayewa yau, waɗanda na lura rabinku baƙaƙen kaya kuka sa kamar an haɗa baki, alhali launi aka turo ku ku koya. Sauran jama'a, manya da yara, ina yi muku sallama irin ta Musulunci, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana muna masu rai da lafiya. Ina godiya ga malamai, domin wanda ya riƙe ɗan wani wata tara ya koya masa abin da zai ci abinci da shi, ya yi abin da baki ba ya biya, sai dai addu'a. Ina godiya ga shugabar cibiya da ta zaɓe ni in yi magana a madadin iyaye. Ta ce in yi minti biyar a kan tarbiyya. Tarbiyyar za a ji ta, domin 'ya'yana shida shaida ne ban taɓa buɗe baki na rufe ba a ji ta ba. Minti biyar ɗin ne ban yi alkawari ba.

Ni ba mai zane ba ce. Karatuna a sakandare ya tsaya. Aikin da na yi shekara ashirin da shida shi ne zama a bayan taga a asibiti ina buɗe wa marasa lafiya kati. A bakin tagar nan na koyi abu ɗaya da zan iya koya wa kowa a ɗakin nan, har da masu digiri. Mutum zai zo a galabaice, layi a bayansa har bakin ƙofa, kina da minti ɗaya ki san ko shi wane ne, me ya kawo shi, ina za a tura shi. Wanda ya iya bayani, ya ga likita da wuri. Wanda ya tsaya ba ni tarihin kakansa, ya koma benci.

An gaya mini kowannenku ya buɗe shafi a intanet inda ya baje ayyukansa domin masu ba da aiki su gani, kuma a cikin kowane shafi akwai wani ɓangare da mai shi yake gabatar da kansa, wanda kuke kira Game da Ni. A kan wannan ɗan ɓangaren zan yi magana, domin saura ƙiris ya raba 'yata da sana'arta.

Autata ke nan a layi na uku, wadda take neman inda za ta shige. Shekara biyu da suka wuce a ɗakin nan aka yaye ta. Ta dawo gida da takardar shaida da kwamfuta, ta kafa tebur a ɗan ɗakin da ke kusa da madafa, inda muke ajiye buhun gawayi da tsohon keken ɗinki. Shekara ɗaya da rabi tana wurin. Da safe tana ciki, da yamma tana ciki. In na leƙa sai in ga ta matsar da wani ɗan layi hagu, ta dawo da shi dama, ta ja baya ta karkata kai tana kallonsa kamar zai yi mata magana. Aiki kuwa shiru. Ba mai kira, ba mai sallama.

Ina da wa, yana da shagon tayil da fenti, yana neman wanda zai zauna masa a teburin ciniki. Na je na yi masa magana, ya ce kujera tana jiranta. Na dawo na zaunar da ita a gaban babanta na ce, wata uku na ba ki. In mutum uku waɗanda ba danginmu ba suka kawo miki aiki a cikin wata ukun nan, ki ci gaba da zanenki. In ba su cika uku ba, ki rufe kwamfutar nan ki tafi shagon kawunki. Babanta ya ce, "Ba za a ƙara mata ko wata ɗaya ba?" Na ce ba a ƙarawa. Duk wanda ya san gidanmu ya san ba na magana biyu.

Don kada a ce na yi zalunci, ni da kaina na shiga nema mata. Ina da ƙawa mai yin sabulu da man shafawa, kayanta masu kyau, amma a farar roba take zubawa ba ko suna. Ta ce tana son sitika. Na sa Auta ta tura mata adireshin shafinta, na zauna ina jira. Shiru. Sai da muka haɗu a kantin magani ta riƙe hannuna ta ce, "Ƙawata, na ga shafin 'yarki. Tubarkalla, ya yi kyau. Amma me take sayarwa?"

Na ce zane take yi.

Ta ce, "Ai ni na ɗauka waƙa take rubutawa. Na nemi lambarta ma ban gani ba, sai na ba mutumin nan mai buga kalanda a bakin kasuwa."

Ran nan mako shida cif sun tafi daga cikin wa'adin. Na dawo gida ko mayafi ban cire ba, na ja kujera na ce buɗe mini shafin nan in gani. Abin da na gani shi zan jera muku, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Abu na farko, rubutu. Toka-toka ne a kan fari, sirara, ƙanana, kamar tururuwa ta taka toka ta bi ta kan takarda. Na sa tabarau, na cire na goge, na sake sawa. Auta ta ce, "Mama, salo ne. Ana so ido ya huta." Na ce nawa kam ya huta, don bai ga komai ba. 'Ya'yana, wanda zai ba ku aiki sau da yawa ya haura arba'in, kuma a waya zai duba, yana tsaye a shago, rana tana haska gilashin, ana kiransa ta nan ana kiransa ta can. Ku ƙara wa rubutu girma, ku ƙara masa duhu. Malamanku ne kaɗai za su matso da fuska su yaba siririn rubutu, malamanku kuwa, Allah ya saka musu, ba sa sayar da sabulu.

Abu na biyu, hoto. Wata ce ta juya baya tana kallon taga, da kofi a hannu, hoton kuma baƙi da fari kamar na zamanin kakanni. Na ce wace ce wannan? Ta ce, "Ni ce." Na ce ni da na haife ki, ɗankwalin na gane. Jiya na roƙi shugabar cibiya ta nuna mini shafukanku, kuma ta nuna mini, don haka kada kowa ya yi wa Auta dariya. Na ga inuwa a jikin bango. Na ga takalma. Na ga rabin fuska, ido ɗaya yana harara ta. Wani kuma kyanwa ya sa, har yanzu ban tabbatar ko shi ake yayewa yau ko ita ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mutum ba ya miƙa amanar shagonsa ga ƙeya, ba ya miƙa ta ga takalmi. Wadda ba ta son nuna fuskarta, wannan haƙƙinta ne, ina girmama shi, amma ta nuna hannunta a kan aiki, ta nuna teburinta, a san akwai mutum a wurin.

Abu na uku, kuma shi ne babba, maganar kanta. Tunda ba na gani, na ce ta karanta mini. Ta gyara murya ta fara: "Ita mai mafarki ce, mai tafiya tsakanin launi da shiru. Tana saƙa labari da haske, tana ba tunani numfashi. Mun yi imani kowane layi tafiya ce."

Na ce, dakata. Ita wa?

Ta ce, "Ni."

Na ce, to me ya sa kike cewa ita, kamar an zo mana ta'aziyyarki? Kuma waɗannan da suka yi imani, ke da wa? A ɗakin nan daga ke sai buhun gawayi.

Ta ce, "Mama, haka ake yi. Don a ga kamar kamfani ne."

Na ce ci gaba. A ƙasa an rubuta wai ba ta iya fara yini sai ta sha gahawa. Yarinyar da ko shayi ya ɗan yi ƙarfi sai ta ce kanta yana juyawa. Da na matsa mata, sai ta faɗa mini gaskiya. Shafukan manyan masu zane ta buɗe guda goma, ta tsinci magana nan, ta tsinci can, ta ɗinke. Ayyukan da ta baje ma haka: tambarin wani kamfanin jirgin sama da babu shi a duniya, da kwalbar turaren da ba wanda ya taɓa shaƙa. Kayan aro ba ya rufe katara. Kuma jiya da nake duba naku na yi ta ƙirgawa: goma sha ɗaya daga cikinku masu mafarki ne, takwas ba sa rayuwa sai da gahawa. In duk kuna mafarki, wa zai tashi ya yi aikin?

Abu na huɗu gajere ne. Lambar waya babu. Can ƙasa, a lungu, akwai wata 'yar alama kamar jirgin takarda, in ka dace ka taɓa ta sai fom ya buɗe mai gida tara. Na yi shekara ashirin da shida ina cika fom, ina tabbatar muku ba wanda ya taɓa cika shi don daɗi. Wanda ya buɗe shago ya ɓoye ƙofa, kada ya ce kasuwa ce ba ta ci.

To, jama'a, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na faɗi na Auta, yanzu saura nawa.

Na ce ba ni biro, ni zan rubuta miki. Na zauna na rubuta da kyakkyawan hannuna na asibiti: "Yarinya ce mai tarbiyya, 'yar gidan mutunci. Tana tashi da wuri, ba ta yawo, ba ta mayar wa babba magana. Ta iya girki daidai gwargwado. Duk wanda ya ba ta aiki ba zai yi da-na-sani ba." Na miƙa wa babanta ya duba. Ya karanta, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Auta ta ce, "Mama, aiki nake nema, ba miji ba."

Na ce halin kirki bai taɓa hana kowa samun aiki ba.

Babanta ya ce, "Gaskiya ne, Maman yara. Amma mai sabulu sitika take so, ba suruka ba."

Raina ya ɗan sosu, sai na juya kan yarinyar. Na ce to ke me ya hana ki faɗi abin da kika iya kai tsaye, kika tsaya tafiya tsakanin launi da shiru? Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Mama, ke kika hana ni."

Na ce ni?

Ta ce, "Ina aji huɗu na zana taswirar da aka liƙa a ofishin shugaban makaranta. Malaminmu ya zo har gida ya yaba, kika ce masa ai wasa take yi. Duk baƙon da ya ce na iya, sai ki ce kada ya fasa mini kai. Kullum kina cewa yabon kai jahilci. Yanzu an ce in rubuta abin da na iya, da na fara sai in ji muryarki. Shi ya sa na ɗauko wata na sa a wurin. Ita ba 'yarki ba ce, tana iya faɗin abin da ta ga dama."

Na ce tashi ki duba tukunya. Babu komai a kan wuta, ita ma ta sani, amma ta tashi ta fita. Babanta ya ɗauki jarida ya kare fuska. Na daɗe a zaune da biro a hannu.

'Yan'uwana iyaye, ku ba ni aron kunnuwanku. Mun koya wa 'ya'yanmu kunya, kuma daidai muka yi, ba na janye wannan. Mun koya musu kada su yi fankama, kada su ɗaga kafaɗa, kada su shiga gaban manya da surutu, kuma daidai muka yi. Amma ni dai na manta ban koya wa tawa bambanci tsakanin yabon kai da bayani ba. Wanda ya zo taga ya ce ƙafarsa ce take ciwo kwana uku, ba raki yake ba. Telan da ya ce yana ɗinka kayan makaranta, ba alfahari yake ba. Direban da ya faɗi inda motarsa za ta, ba fankama yake ba. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Na rene ta a kan ta yi shiru, sannan na ba ta wata uku ta yi magana.

Washegari da hantsi na ce mu gwada hanyar da na sani. Madafarmu tana da taga mai kallon tsakar gida. Na shiga ciki na zauna da biro da bayan wata tsohuwar ambulan, na ce ta zagaya ta tsaya ta waje. Ta ce, "Mama, maƙwabta za su gani." Na ce su gani, wataƙila a cikinsu akwai mai neman sitika.

Na ce, suna? Ta faɗa tana dariya.

Na ce, me kike yi?

Ta ce, "Ina ƙirƙirar hanyoyin isar da..."

Na ce koma benci. Faɗa mini yadda kakarki za ta gane.

Ta yi tunani ta ce, "Ina zana tambari, da sitikar kaya, da allon shago."

Na ce, wa kike yi wa?

Ta ce, "Kowa."

Na ce, a asibiti wanda ya ce ko'ina ke masa ciwo shi ne ya fi daɗewa a layi. Wa kike yi wa?

Ta ce, "Masu ƙananan sana'o'i. Irin waɗanda kayansu suna da kyau amma kwalinsu ba ya nunawa."

Na ce maimaita a hankali in rubuta. Wannan magana tata ce, ba ta tsinto ta a ko'ina ba, kuma ta fi duk wancan mafarkin nauyi.

Sai na ce, me kika taɓa yi wanda mutum mai rai ya taɓa da hannunsa? Nan ta fara noƙewa. Da ƙyar ta ce akwai allon telan bakin layinmu. Shagonsa a lungu yake, shekara da shekaru mutane suna shiga wurin mai aski suna tambayar ɗinki. Auta ta zana masa allo mai almakashi da kibiya, tun daga ranar mai aski ya huta. Na ce sai me? Ta ce akwai takardar Baba. Babanta yana shan magani iri biyar, yana rikita na safe da na yamma, har ya taɓa shan ɗaya sau biyu ya kwana biyu yana jiri. Ita ta zana masa takarda mai manyan haruffa, kowane magani da launinsa, na safe a ƙarƙashin rana, na dare a ƙarƙashin wata, aka liƙa a jikin firij. Bai sake kuskure ba. Da ya je ganin likita da ita, likitan ya nemi a bar masa ɗaya.

Ta ce, "Amma Mama, waɗannan ai ba aiki ba ne."

Na ce jirgin saman da babu shi, shi ne aiki?

Na tambaye ta yadda take yi in an kawo mata aiki. Ta ce tana zuwa shagon ta ga kayan da idonta, ta kawo zane biyu cikin mako guda a zaɓa, ta gyara har sau biyu in ana so. Na ce ina za a same ki? Ta faɗi lamba. Na ce shi ke nan, an buɗe miki kati.

Jimla bakwai suka fito. Da kalmar "ni" ta fara, ba da "ita" ba, ba da "mu" ba. Ta cire gahawa, a madadinta ta sa magana ɗaya ta gaskiya a kan kanta, cewa a bayan katunan asibiti da suka lalace wajen bugawa ta koyi zane, waɗanda uwarta take kawowa gida. Ban san ta sa wannan ba, a bakin tela na ji. Yayarta ta ɗauke ta hoto a bakin ƙofa, fuska a sake, ido biyu cif. Lambar ta hau sama, da manyan baƙaƙe.

Kafin ta ɗora shi na ce saura gwaji, kuma wannan gwajin nake so kowannenku ya tafi da shi gida. Ka nemi mutum uku da ba su san komai a kan zane ba, ka karanta musu sau ɗaya, ka rufe, ka ce su gaya maka aikin da kake yi. In sun faɗa daidai, ka gama. In sun ce tubarkalla ya yi daɗi, koma ka sake. Kada ka gwada a kan abokanka na aji, domin duk ciwonku ɗaya. Auta ta gwada a kan tela, da mai gadin makarantar layinmu, da kakarta. Kakar ta saurara har ƙarshe ta ce, "Ashe allo take rubutawa. To me ya hana a gaya mini tun bara? Ni ina ta yi mata addu'ar Allah ya raba ta da kallon talabijin."

Mako biyu bayan haka mai gidan burodi ya kira. Ya ga allon tela, ya tambaya, aka nuna masa shafin, ya ce ya karanta ya gane. Ɗaya ke nan. Bayansa wata mai makarantar renon yara ta kira. Ta ce, "Maganar takardar maganin babanki na gani. Na ce wadda ta yi wannan za ta iya yi mini fom ɗin da iyaye za su cika ba sai sun kira ni ba." Biyu ke nan. Na koma wurin ƙawata mai sabulu, ta ce ta riga ta buga sitikar da za ta kai ta baɗi. Muka zuba ido. Mako ya wuce, wani ya bi shi. Na uku bai zo ba.

Ranar da wa'adi ya cika, da azahar na leƙa ɗan ɗakin. Auta ta rufe kwamfuta, ta naɗe wayoyinta ta ɗaure da roba, ta share tebur, ta fito da kayan da za ta sa gobe tana goge su. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe ni ba, ba ta tura babanta ya roƙe ni ba. Wannan ma ni na koya mata. Yayana ya kira ya ce, "Gobe ƙarfe takwas ko?" Na ce zan kira ka. Babanta yana zaune a tsakar gida ya ce, "Biyu ne. Ke kika ce uku." Shekara talatin da biyar muna tare, bai taɓa ganin na janye magana ba, kuma bai sa rai zai gani ba.

Na ɗauki mayafi na tafi shagon da ƙafata, domin irin wannan ba a yin ta a waya. Na same shi a tsakanin gwangwanayen fenti. Na ce, Yaya, ka nemi wani.

Ya ce, "Ke da ba kya magana biyu?"

Na ce yau na yi.

Ya ce, "Sun cika ukun ne?"

Na ce ba su cika ba. Wata uku na ba ta, amma rabinsu ta yi su ne tana ɓuya, ɓuyan kuma ni na koya mata. Ba a ɗaure wa mutum ƙafa a ce ya yi tsere, sannan a tsaya da agogo a hannu.

Ya dube ni ya dube ni, ya ce, "Bari in samo buroshi in rubuta ranar nan a bango. Tun muna yara nake jiran ta."

Na dawo gida na tarar ta gama guga. Na ce warware wayoyin nan ki mayar. Ta ce, "Mama, ai ba su cika ba." Na ce na iya ƙirga.

Na uku ya zo bayan kwana tara. Daga nan na daina lissafi, ita ma ban tambaye ta ba.

Don haka, 'ya'yana da ake yayewa yau, ku faɗi sunanku, ku faɗi aikinku, ku faɗi wanda kuke yi wa, ku nuna abin da kuka taɓa yi ko da allon lungu ne, ku bar ƙofa a buɗe. Kada ku ƙara abin da babu, domin ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Kada kuma ku rage abin da akwai, domin wanda ya ɓoye baiwar da Allah ya yi masa bai gode ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mai kyanwa, da kai nake.

Manyan baƙi na kujerun gaba, in kun buɗe shafin yaro kuka ga ƙeya da mafarki, ku ɗan yi haƙuri ku kira shi. Wataƙila akwai aiki mai kyau a bayan ƙeyar, tsoro ne ya juyar da shi.

Iyaye kuma, ni ba zan ce muku komai ba, sai dai in yi a gabanku abin da ya kamata in yi tun tana aji huɗu. Auta, tashi tsaye. Tashi mana, ai ba dukanki zan yi ba. Ɗago kai.

Jama'a, wannan 'yata ce. Mai zane ce. Ta iya aikinta, kuma ba wasa take yi ba.

Zauna haka nan, ya isa, kada kan ya fasu.

Allah ya sa albarka a hannuwan yaran nan da idanunsu. Allah ya haɗa su da masu ba da aiki na gari, ya raba su da ƙarya a rubuce da a baki, ya ba su ƙarfin halin faɗin gaskiyarsu ba tare da girman kai ba. Allah ya saka wa malamai da shugabannin wannan cibiya da mafificin alheri, ya ɗaukaka ta. Mu iyaye, Allah ya ba mu ikon tsawatarwa a inda ya dace, da yabawa a inda ya dace, ya yafe mana inda muka haɗa su muka rikita. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya sa mu tarar da iyalanmu lafiya.

Shugaban taro, ga agogonka na mayar maka. Na gode.